Yadda Ake Tsara Gangar Buga Zane A Jikin Leda

Wannan shi ne bayanin da aka karanta wa wakilan ƙungiyoyin gama kai na manoma da na mata masu sana'ar hannu, a wajen wani taron ƙara wa juna sani kan ƙulla kaya a leda don kaiwa kasuwa. An buga shi dukkansa saboda waɗanda ba su sami halarta ba.



Ƙungiyoyi da dama suna sha'awar ganin sunansu da tambarinsu a jikin leda mai sheƙi, irin wadda ake zuba madarar gari ko biskit ko garin sabulu a ciki. Masu ƙuli-ƙuli suna so, masu yaji da garin kunu suna so, masu shinkafar gida ma haka. Buri ne mai kyau, don kuwa kaya masu suna sun fi shiga manyan kantuna. To amma sau da yawa idan wakilin ƙungiya ya je wurin masu buga leda, sai a ce masa ya fara biyan kuɗin silinda, kowane launi da tasa, kuma ba a buga ƙasa da adadi kaza. Sai ya komo gida yana zaton so ake a cuce shi. Maƙasudin wannan bayani shi ne a san mece ce wannan silinda, yaya ake ƙera ta, me ya sa take da tsada, da kuma abubuwan da ya wajaba a gama shawara a kansu kafin a ba da ko kwabo.

YADDA GANGAR KE AIKI

Silinda a nan ba tukunyar gas ake nufi ba. Wata doguwar gangar ƙarfe ce mai santsi da walƙiya, wadda aka sassaƙa zane a jikinta. Ma'aikata kan ce mata silinda ko rola, amma a cikin wannan bayani za a kira ta ganga.

Kowa ya san hatimin ofis. Shi haruffansa tudu ne, su ke taɓa tawada su kuma taɓa takarda. To aikin ganga akasin haka yake. Zanen da ke jikinta ramuka ne ƙanana ƙwarai, waɗanda za a kira gurabe, kamar guraben dara. Ƙasan gangar yana nutse a cikin kwamin tawada mai ruwa-ruwa. Tana juyawa, tawada ta cika gurabe ta kuma shafe duk jikinta. Daga nan sai ta bi ta ƙarƙashin wata siririyar askar ƙarfe mai tsawon gangar, wadda ke kankare tawadar da ke sama ta bar ta cikin gurabe kaɗai, kamar yadda ake cika mudu a shafe bakinsa. Sai leda ko takarda ta ratsa tsakanin gangar da wata rola ta roba mai danna ta, ledar ta tsotse tawadar daga gurabe. Tana fita sai ta shiga ɗakin iska mai zafi ta bushe, kana ta wuce ganga ta gaba a buga mata wani launi.

Saboda haka duk abin da za a gani a jikin leda, da hoto da rubutu da duhun launi da haskensa, tun a jikin ganga aka gama shi. Injin ɗab'i maimaitawa kawai yake yi.

ASALIN WANNAN HIKIMA

Maƙeran zinariya da azurfa na Jamus da Italiya ne suka fara buga hoto daga sassaƙaƙƙen farantin jan ƙarfe a ƙarni na 15. Sukan shafa tawada, su goge da tsumma, su danna takarda, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai kyau amma mai nawa.

Masu buga zane a kan yadi su ne suka mayar da farantin ya zama ganga. A shekarar 1783 wani mutumin Sikotilan mai suna Thomas Bell ya yi rajistar injin da ke buga yadi da gangar jan ƙarfe da askar kankare launi, aka kuma fara aiki da shi kusa da garin Preston na Ingila a 1785. Atamfa ma ta bi wannan hanya. A masaƙu irin na garin Helmond a ƙasar Holan, inda aka kafa kamfanin da ya zama Vlisco a 1846, sassaƙaƙƙun gangunan jan ƙarfe ne ke ɗora ƙaro a fuska biyu na yadi kafin a tsoma shi a rini. Duk macen da ta baza turmin atamfa za ta ga zanen yana maimaita kansa a tazara ɗaya, don kowane zagayen ganga zane ɗaya yake bari. Ma'aikatan da suka yi aiki a sashen buga atamfa na masaƙun Kaduna, irin su UNTL da aka kafa a 1964, ba baƙi ba ne ga wannan magana.

Wanda ya kawo hoton kyamara cikin sana'ar shi ne Karel Klic, mutumin ƙasar Cek. Wajen 1879 a birnin Biyana ya gano yadda za a sauke hoto a kan jan ƙarfe a sa ruwan magani ya ci shi. Daga baya ya koma garin Lancaster a Ingila, inda ya haɗa kai da kamfanin Storey Brothers suka kafa wata maɗaba'a mai suna Rembrandt a 1895, suna buga hotuna da ganga, suka kuma ɓoye asirin aikin shekaru da dama. A 1910 wata jarida ta garin Freiburg a Jamus ta fito da hotuna da aka buga ta wannan hanya, bisa dabarar Eduard Mertens. Daga nan manyan jaridu da mujallun Turai da Amurka suka kama.

Mujallu masu fitowa da miliyoyin kwafe sun sa aka yi ta faɗaɗa injuna, har aka kai ga ƙera wanda faɗin takardarsa ya kai mita 4.32, yana kuma jan takarda wajen mita 15 a daƙiƙa guda. Da intanet ta rage masu sayen mujallu sai wannan kasuwa ta ja baya, har kamfanin Prinovis ya rufe babbar maɗaba'arsa ta birnin Nuremberg a 2021. Inda ganga ta fi samun aiki tun daga nan shi ne ledar ƙunshe kaya, da takardar ado irin mai zanen katako da ake liƙawa a jikin tebur da kabad.

RIGUNAN DA KE JIKIN GANGA

Ganga ba ƙarfe ɗaya ba ce. Riguna ne a kan riguna, kowace da aikinta. Kafin a shiga bayaninsu sai a san wani ma'auni da ake kira maikuron. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikuron. Kaurin silin gashin mutum yakan kai wajen maikuron 70.

Can ciki bututun baƙin ƙarfe ne mai kauri. Wata gangar tana da sandar juyawa a manne da ita, wata kuwa rami ne da ita ana zura mata sanda a inji. Abu uku ake nema ga wannan bututu. Na farko ya zama da'ira sosai, kada gefe ɗaya ya fi wani tudu da abin da ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na milimita, in ba haka ba zane zai fito da duhu a wani wuri da haske a wani. Na biyu nauyinsa ya daidaita ta ko'ina, kamar yadda ake yi wa tayar mota balans, don ganga mai rinjaye idan ta ɗauki gudu sai ta yi ta rawa ta bar layi-layi a jikin leda. Na uku ya yi ƙarfin da ba zai lanƙwashe a tsakiya ba sa'ad da rolar roba ta danna shi. Gwargwadon tsawon ganga, gwargwadon kaurin da za a ba bututunta.

A kan baƙin ƙarfen ake yin ruwan jan ƙarfe da lantarki, kamar yadda ake yi wa sarƙa ruwan gwal. Da yake jan ƙarfe ba ya kama baƙin ƙarfe kai tsaye yadda ake so, akan fara sa wata 'yar siririyar riga ta wani ƙarfe mai suna nikel. Sai rigar jan ƙarfe mai kauri, wadda da ita ake cika ganga ta kai girman da ake bukata. Sai kuma ta sama, mai kaurin maikuron 80 zuwa 100, wadda ita ake sassaƙawa. An zaɓi jan ƙarfe ne don yana da taushin da zai sassaƙu, kuma ba ya ɓarɓashewa. Taurinsa ma sai an auna. In ya yi taushi da yawa bakin gurabe ya yi kaushi, in ya yi tauri da yawa ya karya bakin abin sassaƙa.

A shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna Ernest Ballard ya fito da wata dabara. Kafin a sa rigar sama, sai a shafa wani magani da zai hana ta mannewa gaba ɗaya. Idan an gama aiki da zanen, sai a tsaga gefe a ɓare rigar kamar ɓawon rake, a sa sabuwa. Da haka ganga ɗaya takan yi ayyuka da yawa ba tare da girmanta ya ragu ba.

Riga ta ƙarshe, bayan an gama sassaƙa, ita ce ruwan kurom, wato wannan farin ƙarfe mai walƙiya da ake gani a salansar babur. Kaurinsa maikuron 6 zuwa 8 ne kacal, amma ya ninka jan ƙarfe tauri sau huɗu ko biyar. Ba domin shi ba, da aska ta cinye zanen cikin ɗan lokaci. Da shi kuwa ganga takan yi zagaye fiye da miliyan ɗaya, in ya side a wanke shi a sa sabo. Abin mamaki, ba a so kurom ya yi santsi kamar madubi. Da gangan ake gurza shi a bar masa ɗan kaushin da ido ba ya gani, don 'yar tawadar da ke maƙalewa a ciki ita ce man da aska ke zamewa a kai. In santsi ya yi yawa aska ta yi zafi ta ci ganga, in kaushi ya yi yawa launi ya bi inda ba a so shi.

Kurom da ya riga ya zauna a jikin ganga ba ya cutarwa, amma ruwan maganin da ake yin sa da shi guba ne mai jawo ciwon daji. Tun watan Satumba na 2017 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana amfani da shi sai da izini na musamman. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙera ganga ba aikin kowane shago ba ne.

GURABE DA GANUWARSU

A nan ne gwanintar take. Ko da wuri ne da ake so ya fito baƙi wuluk, ba a haƙa masa rami ɗaya mai faɗi, don aska za ta faɗa ciki ta kwashe tawadar. Sai an raba shi gurbi-gurbi, kowane da 'yar ganuwarsa, kamar saƙar zuma. Mai noman rani zai fi kowa gane wannan. Ba ya sakar wa fili ruwa haka kawai, sai ya yi fangali-fangali ya ɗaga musu kunya, kowane ya riƙe nasa ruwan. Ganuwar gurabe ita ke riƙe tawada, kuma a kanta aska ke tafiya.

A aikin da aka saba, akan jera gurabe 70 a tsawon santimita ɗaya. Ke nan wurin da bai fi farcen ɗan yatsa ba, santimita ɗaya tsawo da faɗi, yana ɗauke da gurabe 4,900. Zurfin mafi zurfinsu bai cika kai kaurin silin gashi ba. Babban gurbi mai zurfi yana ɗaukar tawada da yawa ya ba da duhu, ƙarami ya ba da haske. Da wannan bambanci ake fitar da fuskar mutum ko ƙwayar tumatir har ta yi kamar a ɗauka.

Hanyoyin haƙa gurabe uku ne. Ta farko ita ce ta ruwan magani mai cin jan ƙarfe, irin ta zamanin Klic, inda faɗin gurabe ɗaya ne, zurfi ne ya bambanta. Ta biyu ita ce wadda kamfanin Rudolf Hell na garin Kiel a Jamus ya fito da ita a farkon shekarun 1960. Wani tsinke ne mai bakin dutsen daimon yake saran ganga tana juyawa, kamar tsuntsun makokofa a jikin itace. Da farko yana haƙa gurabe 4,000 a daƙiƙa, daga baya aka kai 8,000. Gangar da faɗinta mita ɗaya ne, kewayenta santimita 60, idan zane ya rufe ta duka tana da gurabe sama da miliyan 29, kuma tsinke mai saran 8,000 zai ɗauki awa ɗaya da 'yan mintoci kafin ya gama ta. Ta uku ita ce ta hasken leza, wadda ta shigo a shekarun 1990. Ita tana iya yin gurbi mai faɗi marar zurfi ko matsattse mai zurfi, yadda mai tsarawa ya so.

Siffar gurbi ma abin dubawa ce. Gurbin tsinken daimon kamar dala ce da aka kife, sama faɗi, ƙasa tsini, don haka yana sakin tawada da sauƙi. Duk da haka ba duk abin da gurbi ya ɗauka yake zubarwa ba, kuma leda mai santsi da takarda mai kaushi ba ɗaya suke tsotsa ba. Saboda haka maƙerin ganga sai ya san irin ledar da za a buga da irin tawadar kafin ya fara. Har ila yau, ba a jera guraben launuka daban-daban iri ɗaya. Wanda ya taɓa ɗora gidan sauro a kan wani ya ga yadda wasu igiyoyi ke bayyana kamar tambarin ruwa. Haka ke faruwa idan guraben ja da na shuɗi suka hau juna a jeri ɗaya. Maganin abin shi ne a miƙe siffar guraben wani launi, a takure na wani.

Akwai aibi ɗaya da ganga ba ta rabuwa da shi. Tun da harafi ma gurabe ne, bakinsa yakan fito da haƙora kamar zarto. Duk wanda ya sa gilashin ƙara girman abu a kan rubutun ledar madara ko ta taliya, in da ganga aka buga ta, zai ga waɗannan haƙora. A babban rubutu ba a lura da su, amma ƙaramin rubutu yakan dushe. Ga mai rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don 'yar ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ita ce za ta fara ɓacewa, sai ƙuli-ƙuli ya koma kuli-kuli, ɗanye ya koma danye.

KEWAYEN GANGA SHI NE TSAWON LEDA

Ganga ba ta da gaɓa, zanenta yana zagayowa ya haɗe da kansa. Don haka kewayenta dole ya yi daidai da tsawon leda sau biyu ko uku ko huɗu, ba saura. Alal misali, a ce tsawon kowace leda santimita 15 ne, faɗinta kuma 20 idan an baje ta. Ganga mai kewayen santimita 60 za ta ɗauki leda 4 a zagaye, kuma idan faɗin zanen mita ɗaya ne za ta ɗauki 5 a jere. Zagaye ɗaya leda 20 ke nan. Idan inji yana jan mita 150 a minti, wanda ba wani gudu ba ne a wajen irin waɗannan injuna, ganga za ta zagaya sau 250, ta buga leda 5,000 a minti ɗaya. Ƙungiyar da ke bukatar leda 10,000, aikin minti biyu ne ta kawo, alhali ɗaura ganguna da daidaita launuka kaɗai yana cin lokaci da leda mai yawa. Dalilin da ya sa masu inji ke ƙin ƙaramin aiki ke nan.

Idan kuma bayan an gama ƙungiya ta ce ledar ta yi kaɗan a mai da ita santimita 16, to 60 ba ta rabuwa da 16. Sai an nemi ganguna masu kewayen 48 ko 64, wato sabon kuɗi daga farko.

Kowane launi da gangarsa. Hoto mai kama da na kyamara yana bukatar huɗu: rawaya, ja, shuɗi da baƙi. A leda mai shara-shara sai an ƙara fari, na biyar ke nan. In tambarin ƙungiya yana da wani kore na musamman, na shida. Dukkansu kuwa sai sun hau kan juna daidai, shi ya sa masu ƙira kan sa kowace ganga ta ɗara ta bayanta kauri da ɗan abin da ido ba ya gani, don ledar ta kasance a miƙe tana tafiya. Akan kuma sa launuka maƙwabta su ɗan hau bakin juna, kada farin layi ya bayyana a tsakaninsu.

Yawancin ledojin abinci masu sheƙi ta ciki ake buga su. Ana buga zanen a bayan leda mai shara-shara, a fara da baƙi a ƙare da fari, sa'an nan a liƙa wata ledar a kai. Tawadar sai ta zauna a tsakiya, ba ta taɓa abinci, farce kuma ba ya kankare ta. Wannan shawara ma kafin sassaƙa ake yin ta, don gangar bugun waje rubutunta a juye yake kamar na hatimi, ta bugun ciki kuwa a miƙe. Shi kuma wannan ɗan baƙin tabo mai kusurwa huɗu da ake gani a gefen leda, alama ce da idon injin ƙulla kaya ke karantawa ya san inda zai yanke. In an manta da shi, inji zai yanka tambari a tsakiya.

'YAR UWARTA MAI BUGA KUƊI

Takardar kuɗi ma daga rami ake buga wani sashe nata, amma tsarin ya ɗan bambanta. A nan faranti ake sassaƙawa da layuka masu zurfi, a naɗe shi a jikin ganga. Tawadar mai kauri ce, kuma maimakon aska wata rola ce mai juyawa baya-baya take goge ta. Ana danna takarda da ƙarfi ƙwarai har tawadar ta tsaya tudu a kanta. Wannan shi ne kaushin da ɗan yatsa ke ji a kan hoton mutum da manyan lambobi na sabuwar takardar naira 500 ko 1,000. Kamfanin buga kuɗi na Nijeriya, wanda aka kafa a 1963, da irin waɗannan injuna yake aiki. Injin kwafe takardu ba ya iya yin wannan tudu, don haka shafa kuɗi da yatsa yana cikin hanyoyin gane jabu, ko ga wanda bai yi nisa a karatu ba.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI KAFIN TA BIYA

Kuɗin ganga sau ɗaya ake biyansa, ko leda 10,000 za a buga ko miliyan ɗaya. Wanda ya buga 10,000, abin da kowace leda ta ɗauka na kuɗin ganguna ya ninka na mai miliyan sau 100. Don haka tambaya ta farko ita ce, leda nawa ƙungiya ke sayarwa a wata? In cinikin bai kai ba, akwai farar leda da a liƙa mata takardar suna, akwai kuma bugu da farantin roba, wanda kuɗin shiryawarsa bai kai na ganga ba. Ba abin kunya ba ne a fara da waɗannan har kasuwa ta buɗe.

In kuwa an tabbata ganga za a yi, to a kula da waɗannan:

1. A gama shawara kan girman leda. A zuba kayan a gwada, a ga nauyin da za a sayar ya shiga, an kuma bar wurin liƙe baki.

2. A rage launuka. Zane mai launi biyu ko uku da aka tsara da kyau ya fi mai shida da ya cinye jari.

3. A sami lambar rajistar hukumar NAFDAC tukuna, wato hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. Lambar da sunan kaya da adireshi da jerin abubuwan da ke ciki duk a jikin ganga suke shiga. In wani ya sake daga baya, sai an sake sassaƙa.

4. A bar fili don ranar yi da ranar lalacewa. Su ba a sa su a ganga, don kullum canzawa suke. Wani ƙaramin inji ne ke buga su lokacin ƙulla kaya, shi ya sa ake ganinsu ɗigo-ɗigo. Mai saye ma ya lura, in ya ga an goge wurin an sake rubutawa, ko an liƙa wata takarda a kai, ya yi hattara. Kyan leda kaɗai ba shaidar kyan kaya ba ne, don masu jabu ma suna iya sa a ƙera musu ganga.

5. Ƙaramin rubutu a yi shi da launi ɗaya mai duhu a kan wuri mai haske, a kuma ba shi girman da tsoho zai karanta ba wahala.

6. Kafin a sassaƙa, akan ba mai aiki samfurin zane ya sa hannu. Kada mutum ɗaya ya sa hannu shi kaɗai. A sami mutum biyu ko uku masu karatu su bi shi harafi-harafi, da lamba-lamba, musamman lambar waya da haruffa masu ƙugiya. Bayan sa hannu, duk kuskuren da ya fito na ƙungiya ne.

7. A rubuta a takardar yarjejeniya wane ne mai gangunan, a ina za a ajiye su, har tsawon wane lokaci. Wanda ya biya kuɗi bai rubuta ba, ran da ya so komawa wani wurin sai ya tarar ba shi da abin ɗauka.

Jama'a, Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Magini yana iya gyara zanensa muddin laka ba ta bushe ba, ita ma ganga duk gyaran da za a yi mata yana kan takarda ne, kafin tsinke ya taɓa jan ƙarfe. Ana fata kowane wakili zai koma ya zauna da 'yan ƙungiyarsa, su auna cinikinsu na wata, su auna ledarsu, kafin su aika kowa birni da kuɗi. Wanda ya zo da ledar wani kaya a aljihu yana iya matsowa bayan an tashi, akwai gilashin ƙara girma a kan tebur, ya ga gurabe da idonsa.